Dodon makarantarku da binciken asali

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce malaminku ya ba ku aikin wasu dodanni na ƙirƙira: uwa da uba duk masu ƙaho, amma kowanne na ɓoye da ƙwayar rashin ƙaho, a lissafa yadda 'ya'yan za su fito. Sai kike tambaya ko dalilin da ya sa manya ke binciken asali kafin aure ke nan. Na sha dariya, don dodon da muka sani a tatsuniya cin mutane yake yi, ba wanda ya tsaya duba masa ƙaho.

Ɗauko ƙwarya biyu, ta uwa da ta uba, ki jefa farin wake ɗaya da ja ɗaya a kowacce. Rufe ido ki zaro ɗaya nan, ɗaya can. Hanya huɗu ce kawai: fari da fari, fari da ja, ja da fari, ja da ja. Farin ke rinjaye, shi ya sa uku ke da ƙaho, ja da ja kaɗai ke rasawa. Wani malamin coci, Gregor Mendel, shi ya bayyana wannan a 1865, shi ma da wake irin na Turawa.

A zamaninmu dattijo ake turawa ya tambayo: akwai kuturta a gidan? Hauka fa, ko farfaɗiya? Sun san jini na bin jini, amma abin da ido ya gani suke bi. Jan waken nan kuwa ba ya nuna kansa. Mai jinin AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila ɗaya a ɓoye, lafiyarsa lau, yana noma, har kokawa yake. In ya auri AS, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne ya zo SS, wato sikila. Kowane ciki, na ce, don waken komawa ƙwarya yake a sake zarowa. Wata maƙwabciyarmu uku ta binne a jere, aka ce wabi take, aka sa wa na huɗun Ajuji. Har yau ina zargin jini ne, ɗan baffanta take aure. Auren zumunci ba laifi ba ne, sai dai ƙwaryar biyu daga rumbu ɗaya aka ɗebo su.

Kano ma tun 2024 ta mai da gwajin jini kafin aure doka. In lokacinki ya yi, baffanninki su je bincikensu, amma takardar gwajin ni za ki fara kawo wa, kafin a karɓi kuɗin na-gani-ina-so.