Kafin ka taso zuwa Winnipeg

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin Jami'ar Manitoba da ke nan birnin Winnipeg a Kanada ta ba ka gurbi, Allah ya sa albarka. Ka tambaye ni ko aikin da za ka samu a nan zai biya maka kuɗin makaranta, da irin kayan sanyin da za ka saya a Kano, da kuma maganar waya.

Ta farkon ce ta fi damuna, kuma amsarta a'a. Tun Nuwamban 2024 doka ta ba ɗalibin da ya zo daga waje damar aikin awa 24 a mako a wajen makaranta lokacin zangon karatu. Mafi ƙarancin albashi a lardin Manitoba kusan dalar Kanada 16 ne a awa. Yi lissafi da kanka: bai kai dala 400 a mako ba, kafin a cire haraji, shi ma idan ka samu aikin kuma an ba ka awannin cif. Wannan zai riƙe maka haya da abinci, amma ba zai taɓa kuɗin makaranta ba. Shi ya sa daga Satumban 2025 gwamnatin Kanada ta ce sai ɗalibi ya nuna dala 22,895 na zaman shekara guda, ban da kuɗin karatu da na jirgi. Na san dabarar da ake yi a gida, a aro kuɗi a zuba a asusu, biza na fitowa a mayar wa mai shi. Don Allah kada ka yi. Baya ga cewa ƙarya ce da za ta iya sa a hana ka shiga ƙasar na shekaru, na ga yaran da suka zo a haka. Dare a wurin aiki, safiya a aji suna gyangyaɗi, ƙarshe ga bashi ga faɗuwa jarrabawa, kuma kunya ta hana su faɗa wa iyaye. In kuɗin bai cika ba, ka nemi a ɗage maka gurbin zuwa wani zango.

Ka sa inshorar lafiya a lissafinka, domin tun 2018 Manitoba ta cire ɗaliban waje daga tsarin lafiya na kyauta. Farashin da ka gani a jikin kaya kuma ba shi za ka biya ba, yawanci sai an ɗora harajin kashi 12 cikin ɗari a wurin biya.

Kana buɗe asusu banki zai yi maka tayin katin bashi. A nan ana duba tarihin yadda mutum ke biyan bashi kafin a ba shi hayar gida ko mota, saboda haka mutane da yawa suna karɓa. Idan ka biya duka kafin ranar da aka yanka, ba a ɗora ruwa. Ka bari ya wuce, ruwan ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari a shekara. Malamai sun saɓa kan hukuncin riƙe katin, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa tun kana gida. Sannan duk wanda ya kira ka ya ce daga ofishin haraji ko na shige da fice yake, ka biya yanzu ko a kama ka, ɗan damfara ne. Kashe wayarka.

Batun kaya, kada ka ɓata kuɗinka a Kantin Kwari. Rigar sanyin da ke maganin hunturu ba za ta kai ka bakin titi ba a nan cikin Janairu, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da sifili da digiri 30. Za ka iso ƙarshen Agusta gari na da ɗumi, kana da lokacin saye a hankali, kuma shagunan gwanjo irin su Value Village na da masu kyau. Ka fi kashe kuɗi a kan takalmi mai hana santsi da jiƙa, sai babbar riga mai hula, safar hannu da abin rufe kunne. Ana sa kaya ne hawa-hawa, na ciki kuma kada ya zama auduga, don tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Kullum kafin ka fita ka duba ma'aunin sanyin da jiki ke ji idan an haɗa da iska. Idan ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin rabin awa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne duhu. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4:30, azahar da la'asar da magariba su zo a jere kana tsakiyar darasi. Mutum sai ya ji kasala da kewar gida ba gaira ba dalili. Kada ka kulle kanka a ɗaki. Je babban masallacin da ke titin Waverley ranar Juma'a, ka san mutane, ka kuma tambayi likita game da ƙwayar bitamin D. Ka taho da man kaɗe saboda bushewar fata. Kilishi kam bar shi a gida, ba a shigowa da nama, kuma duk abincin da ka ɗauko ka bayyana shi a filin jirgi.

Mai yiwuwa wayarka ta yi aiki idan ba a kulle take da layi ɗaya ba. Kada ka jefar da layinka na Najeriya, ta nan bankinka zai riƙa turo lambar sirri, sai ka riƙa sa masa kati kada a rufe. Soket ɗin nan ba irin namu ba ne, wutar kuma 120 ce, to caja da kwamfuta kan mahaɗi kawai suke buƙata, amma dutsen guga bar wa su Umma. Sanyi na shanye batir nan take, ka riƙa sa wayar a aljihun ciki, musamman in da ita kake duba lokacin isowar bas.

Turo min takardar kuɗin makarantar da adadin da Baba ya tanada, mu zauna ta WhatsApp ranar Asabar mu yi lissafin tare. Ka gaishe min da kowa da kowa.