Tambaya da Amsa: Matuƙi mai lasisin ƙashin kai da neman ƙarin horo a ƙasar waje

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Gombe ne, na samu lasisin tuƙin ƙaramin jirgin sama na ƙashin kai, wato PPL, a Zariya. Mahaifina ya yarda ya ɗauki nauyina in je Amurka ko Afirka ta Kudu in tara awoyi har in kai ga lasisin kasuwanci, wato CPL. Shin lasisina zai yi aiki a can, kuma za a karɓi abin da na samo idan na dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a wannan niyya, ya saka wa mahaifinka da alheri. Lasisin da ke hannunka ba zai ba ka damar tuƙa jirgi mai rajistar wata ƙasa ba sai hukumar jiragen saman ƙasar ta amince da shi. Amma tambayarka ta biyu ce ta fi nauyi, kuma da ita ya kamata ka fara, domin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, ce za ta yanke hukunci a kan kowace awa da aka biya wa kuɗi a waje. Kafin a sayi tikiti, ka rubuta mata, ka ambaci ƙasar da makarantar da kake nufi, ka nemi sharuɗɗan mayar da lasisin waje ya zama na gida a rubuce.

Fitar kanta tana da hujja. Man da yawancin ƙananan jirage ke sha yana da tsada da wuyar samu a nan, jiragen da ake bayarwa haya ba su da yawa, kuma kai da kake Gombe ka san yadda hazo ke rufe filin jirgin Lawanti daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da mai tuƙi da ganin ido ba shi da abin yi sai zaman jira.

A Amurka, hukumar jiragen saman ƙasar, wato FAA, tana ba baƙo takardar tuƙi ta ƙashin kai bisa lasisin ƙasarsa ba tare da sabuwar jarrabawa ba, amma sai ta tuntuɓi NCAA ta tabbatar da sahihancin naka, abin da kan ci makonni ko watanni. Takardar tabbatarwar wata shida take aiki, kuma izinin da za a ba ka yana rataye ne da lasisinka na gida, idan wannan ya daina aiki, wancan ma ya faɗi. Tun bayan harin 11 ga Satumbar 2001, baƙon da zai koyi tuƙi da na'urori, wato dogaro da na'urorin jirgi ba tare da ganin waje ba, ko tuƙin jirgi mai inji biyu, sai hukumar tsaron sufuri ta TSA ta tantance shi, ta ɗauki hoton yatsunsa. Bizar da ta dace da horo ita ce M-1, wadda ke bukatar takardar I-20 daga makarantar da aka amince wa ɗaukar baƙi. Tun a 2025 Amurka ta tsaurara sharuɗɗan biza ga 'yan Najeriya, saboda haka ka ji halin da ake ciki daga ofishin jakadancinta kafin ka tura wa kowa kuɗi.

Afirka ta Kudu, inda matuƙanmu da dama suka yi karatu, tana neman awa 200 domin CPL, yayin da Amurka ke neman 250, ko 190 a makarantun da ke bin manhajar da FAA ta amince da ita. Filayen da ke kewayen Johannesburg suna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700, inda iska ba ta da kauri, inji ke rasa ƙarfi, jirgi kuma ke bukatar doguwar hanya kafin ya ɗaga. Wanda ya koyi lissafin nauyi da tsawon titin jirgi a wurin ba zai ruɗe da zafin Afrilu a Arewa ba.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne ɗaukar cewa duk awoyi ɗaya ne. Domin samun CPL, ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ta nemi awa 100 da kai ne ke jagorancin jirgin, da awa 20 na tafiya tsakanin garuruwa, ciki har da tafiya guda mai nisan akalla kilomita 540 wadda za ka sauka cikakkiyar sauka a filaye biyu daban-daban, da awa 10 na koyon tuƙi da na'urori, da awa 5 na dare ga mai son tashi da dare. A Amurka akwai wata dabara ta rage kuɗi, inda matuƙa biyu ke raba hayar jirgi, ɗaya ya sa abin da ke tare masa ganin waje yana tuƙi da na'urori, ɗayan yana lura masa da sararin sama, kowannensu ya rubuta awar a matsayin jagora. Dokarsu ta yarda da hakan, amma ba kowace hukuma ce ke ƙirga irin waɗannan awoyi ba, don haka ka sa wannan cikin abin da za ka tambayi NCAA. A ganina ma, matuƙin da ya ƙare awoyinsa yana kewaya fili ɗaya da rana tsaka ya cika littafin awoyinsa ne kawai. Wanda ya tsara doguwar tafiya, ya karanta rahoton yanayi, ya fasa tashi da ya ga hadari, shi ne ya koyi aikin.

Ka kuma shirya wa bambancin al'adar sama. Yawancin filayen Amurka ba su da hasumiyar kula da zirga-zirga, matuƙa ne ke sanar da juna inda suke ta rediyo. Awon nauyin iska da inci suke yi, inda ka saba da 1013 za ka ji 29.92, kuma Turancinsu a rediyo da sauri yake fita, ko da kana da mataki na 4 na ƙwarewar Turanci da ICAO ta shar'anta.

Game da kuɗi, kada a biya makaranta gaba ɗaya a dunƙule, domin makarantun tuƙi sukan rufe da kuɗin ɗalibai a ciki. A riƙa biya kashi-kashi, ka tambayi jirage nawa ne ke aiki da adadin ɗaliban da ke layi, da kuma ko farashin awa ya haɗa da mai. Kafin duk wannan, ka je wurin likitan da NCAA ta amince da shi a yi maka gwajin lafiya na aji ɗaya, wanda CPL ke bukata, domin matsalar zuciya ko ta bambance launuka tana iya tsayar da tafiyar. Ranar dawowa kuma, ka tabbatar malamanka sun sa hannu a kan horon da suka ba ka, makarantar ta buga hatimi a littafin awoyinka, ka riƙo takardun biyan hayar jirage, saboda da su za ka kare abin da ka rubuta idan aka nemi shaida.