Shawarar Lauya: Gyaran Rufi, Cizon Kare da Bashin Manhaja

Wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a gidan haya a Kubwa da ke Abuja ya aiko da tambaya mai rassa uku. Iskar farkon damina ta ɗage kwanon gidan, silin ɗakin yara ya rufto, ya yi ta kiran ejan ɗin mai gidan ba a zo ba, sai ya kira kafinta ya gyara da kuɗinsa, naira 480,000. Ba a yi wata guda ba karen gadinsa ya ciji ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo, ga kuɗin asibiti ga na likitan dabbobi. Ya ci bashi a wata manhajar waya don ya toshe waɗannan, wa'adi ya wuce, yanzu suna aika wa mutanen da ke cikin wayarsa saƙonni suna kiransa ɗan damfara, suna kuma barazanar turo 'yan sanda. Niyyarsa ita ce ya cire kuɗin gyaran daga kuɗin hayar da zai biya nan da wata biyu, ya ƙi biyan maƙwabcin tunda yaron ne ya shigo babu izini, ya kuma yi watsi da bashin manhajar saboda cin mutuncin da aka yi masa.

Malam, Allah Ya yaye maka wannan matsi. Abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya, kuma yana iya sauyawa gwargwadon abin da ke rubuce a takardunka, amma a yadda ka ba da labarin, dukkan matakai ukun da kake shirin ɗauka suna iya mayar da kai daga mai gaskiya zuwa wanda ake ƙara.

Batun haya ne ya fi damuna, domin shi kaɗai ne zai iya raba iyalinka da matsuguni. Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk abin da ɗan haya ya kashe a jikin gida bashi ne a kan mai gidan, ana iya cire shi daga haya kai tsaye. Doka ba ta ce haka ba. Abin da kotu za ta fara dubawa shi ne yarjejeniyar hayar: wa ta ɗora wa gyaran rufi da bango? A bisa al'ada irin wannan babban gyara na mai gida ne, ƙananan gyare-gyaren ciki kuma na ɗan haya, sai dai al'ada ba ta rinjayar abin da aka sa wa hannu, kuma akwai yarjejeniyoyi da dama a Abuja da suka hana yin kowane gyara sai da izinin mai gida a rubuce, wasu ma sun ce a biya haya cikakkiya ba tare da cire komai ba. Ko da takardar ta ɗora masa gyaran, galibi sai ka nuna cewa ka sanar da shi lalacewar, ka ba shi lokaci mai ma'ana bai yi ba, kuma abin da ka kashe bai wuce ƙima ba. Kiran waya da ba a ɗaga ba hujja ce mai rauni. Idan akwai saƙon WhatsApp ko na tes da ka tura wa ejan, da hotunan rufin kafin gyara, da rasit ɗin kwano da katako da ladan kafinta, to ka adana su yau, domin a kansu da'awarka za ta tsaya.

Haɗarin cire kuɗin da kanka shi ne mai gidan zai lissafa abin da ka biya a matsayin haya da ba ta cika ba. Dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja ta ba mai hayar shekara-shekara notis na wata shida, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, sannan notis na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Amma idan takardarka ta yanke wa'adi, misali shekara ɗaya daga rana kaza zuwa rana kaza, hayar tana ƙarewa da kanta a ranar, kuma idan ba a sabunta ba mai gidan yana iya tsayawa a kan notis na kwana bakwai kawai. Gaskiya ne ba shi da ikon kulle maka ƙofa, ko cire kwano, ko fitar da kayanka ba tare da umarnin kotu ba, amma wannan kariya jinkiri kawai take ba ka, ba ta sabunta maka haya.

Shawarata ita ce ka rubuta wa mai gidan kansa wasiƙa, ka ba ejan kwafi, ka haɗa da hotuna da rasit, ka nemi ya amince a rubuce a rage kuɗin daga hayar bana, ko a raba ragin gida biyu. Ejan da ake kira rufi na zuba a kan yara ya yi shiru bai kyauta ba, kuma wataƙila mai gidan ma bai san abin da ya faru ba. Idan ya amince da rabi kawai, ka yi nazari sosai kafin ka ƙi, domin kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu suna iya cinye ragowar.

Game da kare, shigowar yaro babu izini ba ta wanke ka kai tsaye. Ana duba shekarun yaron, ko ƙofa a buɗe take, ko karen a ɗaure yake da rana, da kuma ko ya taɓa cizon wani ko yunƙurin haka kana sane. Idan ya taɓa, matsayinka ya yi rauni ƙwarai. Ko bai taɓa ba, ana iya kafa maka sakaci, kuma maƙwabcin da aka fusata yana iya kai ƙorafi ofishin 'yan sanda a kan sakaci da dabba mai haɗari, wanda ya fi neman diyya wahalar kashewa. Kafin duk wannan, ka tabbatar yaron ya kammala allurar rigakafin haukan kare kamar yadda likita ya tsara, ka kuma miƙa katin rigakafin karenka, domin cutar idan ta bayyana kusan ba a tsira. Ka biya kuɗin magani, a zauna a gaban mai unguwa ko dattawan layi, a rubuta abin da aka biya da kuma cewa magana ta ƙare a kansa, kowa ya sa hannu da shaidu.

Bashin manhaja kuwa abubuwa biyu ne da ka haɗa su wuri guda. Cin mutuncin da suka yi maka laifinsu ne, kuɗin da ka karɓa kuma yana nan a wuyanka, ɗaya ba ya goge ɗaya. Kwashe lambobin wayarka a riƙa tura wa jama'a saƙon ɓatanci abu ne da za ka iya kai ƙorafinsa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda tun 2022 ta wajabta wa masu ba da bashi ta intanet yin rajista da ita, da kuma hukumar kare bayanan jama'a da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta kafa. Ka ɗauki hoton kowane saƙo, ka roƙi waɗanda aka tura wa su ajiye nasu. Barazanar 'yan sanda ba ta da tushe muddin bashi ne zalla: sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 sun hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, kuma ba a kama matarka ko ɗan'uwanka a madadinka. Wannan yana sauyawa idan ka ba da bayanan ƙarya wajen karɓar bashin, ko ka rubuta cek alhali asusunka babu kuɗi, wanda dokar laifukan cek ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu a kansa. Saboda haka kada matsi ya sa ka ba kowa cek ɗin da ba ka da tabbacin zai fita. Uwargidanka ba ta da alhakin wannan bashi sai idan ta sa hannu a matsayin mai tsaya maka.

Ka rubuta musu ta imel ka nemi cikakken lissafi, uwar kuɗi dabam, ruwa dabam, tara dabam, sannan ka gabatar da abin da za ka iya biya duk wata daga albashinka. Sau da yawa sukan sassauta tarar idan suka ga ana biya, ko da yake babu dokar da ta tilasta musu karɓar tayinka. Kada ka ci sabon bashi a wata manhajar don biyan wannan. Idan kuma kana tunanin rancen banki, ka karanta takardar da kyau, domin tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi a 2020 ya ba banki damar cirar bashin da aka kasa biya daga sauran asusunka da ke ɗauke da lambar BVN ɗinka.

Da ni ne nake tsara albashin watanni biyun nan, kuɗin haya zan fara warewa cikakke, sai maganin yaron, sannan kashin farko na manhajar, kuɗin gyaran rufi kuma in bi shi a matsayin bashin da nake bin mai gidan. Idan ya ƙi sauraro, kafin ka shigar da ƙara ka gwada cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Abuja da aka buɗe a 2003, inda mutum zai iya kai kokensa da kansa, a gayyaci ɗaya ɓangaren, kuma yarjejeniyar da aka cimma ana iya kai ta gaban alƙali ta zama hukunci. Ranar da kuwa aka miƙo maka notis ko sammaci, ka rubuta kwanan watan da ka karɓa, ka kai wa lauya tare da yarjejeniyar haya da rasit ɗin hayar bara a cikin makon.