Tambaya da Amsa: Cakulan ɗin ƙananan masana'antu, yadda ake jin daɗinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. An kawo mini tsarabar cakulan irin wanda ƙananan masana'antu ke yi a nan Accra, an rubuta 70% a jikinsa. Na gutsura na tauna, ɗaci kawai na ji, ga shi an ce da tsada. Algus aka yi, ko bakina ne? Daga wata mai karatu a Nima.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Babu algus, taunawar ce ta cuce ki. Wannan 70% na nufin kashi 70 cikin 100 daga 'ya'yan koko ne, har da mansu, ragowar kuma galibi sukari. Wanda masu talla ke sayarwa a bakin titi madara da sukari suka rinjaye shi, shi ya sa yake jure tauna.

Kada ki ɗanɗana shi bayan cin shito, yajin nan na Gana, ko goro, ki fara kurkure baki da ruwan ɗumi. In a firji yake, ki fito da shi ya yi minti 20 zuwa 30 cikin takardarsa, don sanyi na toshe ƙamshi. Ki karya shi kusa da kunne: mai kyau yana yin ƙas, fuskarsa tana sheƙi. Ki ɗauki kamar gram 5, ki shinshina, ki tauna sau ɗaya ko biyu kawai, sannan ki bar shi a kan harshe. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, kuma a cikin man nan ƙamshin yake. Ki rufe baki, ki fitar da numfashi ta hanci. Ɗan tsami zai fara zuwa, sai ƙamshin koko mai nauyi da na soyayyar gyaɗa, ɗaci ya biyo a ƙarshe. Da wannan nauyin aka san kokon Gana tun daga irin Amelonado da Tetteh Quarshie ya kawo daga tsibirin Fernando Po a 1879. Kada ki nemi tsamin 'ya'yan itace na kokon Madagaska a cikinsa.

Amma fa wani ɗacin aibi ne, kuma harshe na iya gano daga ina ya fito. Baurin da ya ƙi barin baki, kamar na ɗanyar ayaba, alama ce manomi ya gaggauta. Ana tara 'ya'yan koko a rufe da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 6 ana juyawa, wanda ya buɗe a kwana 3 kuwa bauri zai sayar. Warin hayaƙi na nuna an busar kusa da wuta maimakon a rana kan tabarma. Warin fumfuna daga danshi ne, don ya kamata ruwan jikinsu ya sauka zuwa wajen 7%. Ƙauri laifin mai suya ne. In kin ji tsaki-tsaki, niƙan bai kai ba: sai ƙwayoyin sun yi ƙasa da maikiron 30 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya) harshe ke daina jin su.

Tambaya: Ina da shago a Aboabo, Kumasi. Bayan dumsor, wato ɗaukewar wuta, na kwana guda cakulan ɗina ya yi fari-fari. Ya lalace ne?

Amsa: Bai lalace ba, Malam, ana iya ci, sai dai kyan gani da laushinsa sun ragu. Ka shafa da yatsa. In farin ya narke ya yi maiƙo, man koko ne ya narke da zafi ya taso sama ya sake daskarewa. In ya yi kaushi bai narke ba, sukari ne: an fito da shi daga firji, raɓa ta kwanta a kansa ta narkar da sukarin, ta bushe ta bar shi a waje. Zafin ajiya da ya dace digiri 15 zuwa 18 ne, wanda ɗakunanmu ba sa kaiwa, don haka firji dole ne. Ka sa shi a roba mai murfi, nesa da kifi da albasa domin man yana zuƙar wari, kuma in ka fito da robar kada ka buɗe ta sai sanyinta ya tafi.

Tambaya: Mai 85% ya fi mai 70% kyau ke nan?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Lambar yawan koko take faɗa, ba ingancinsa ba, kuma a ganinmu mai 70% da aka yi a tsanake ya fi mai 85% na gaggawa. In za ka gwada su a zama ɗaya, kada su wuce huɗu, ka fara da mai ƙaramar lamba, kana kurɓar ruwan ɗumi a tsakani.