Zane ne ko hoto? Sunan ƙananan surorin matan fadar Faransa

Wata ɗalibar Faransanci daga Damagaram ta aiko da tambaya. Tana fassara wani rubutu kan zanen fuskokin matan fadar Faransa, irin waɗanda ba su kai tafin hannu ba, da ake kira miniature. Ta ce: "Malam, hoto zan ce ko zane? Kuma su matan, kuyangi ne?"

Malama, ki ce zane. Kalmar hoto aro ce daga Turanci, kuma asalinta aikin kyamara ne, wanda sai a 1839 wani Bafaranshe mai suna Daguerre ya bayyana shi a Paris. Waɗannan kuwa da hannu aka yi su, da buroshi siriri da fenti na ruwa, tun farko a kan fata, daga baya a kan yankin hauren giwa. Rosalba Carriera, mai zane 'yar birnin Banis na Italiya, wadda ta je Paris a 1720, ita ta yaɗa aiki da haure. Sai dai ki kula da baki: zane na alƙalami a ja wasalin farko, zanen ɗaurawa kuwa a gajarta shi. Jam'insu ma ya raba su, zane-zane da zannuwa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, miniature ba daga ƙanƙanta ta samo suna ba. Tushenta minium ne a Latin, wani jan launi na dalma da marubuta ke ƙawata littattafai da shi. Wato danginta a wurinmu ita ce zayyana, wadda alarammomi ke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu. Ma'anar "ƙarami" daga baya ta manne mata. Ni dai "ƙaramin zanen fuska" zan rubuta. Ana rataya shi a wuya kamar laya, ko a liƙa a murfin battar taba, wani lokaci da ɗan gashin mai shi a bayansa. In kina neman karin magana, "ƙaramin goro ya fi babban dutse" ta dace.

Kuyangi kam, a'a. Kuyanga baiwa ce. A cikin matan fadar, misali, Gimbiya Lamballe, wadda ta shugabanci gidan Sarauniya Marie-Antoinette daga 1775, jinin sarauta ce ta gidan Savoie. Jakadiya ma ba ta kai ba, don ita 'yar aike ce tsakanin sarki da cikin gida. Ki rubuta "manyan matan fada".