Tambayoyinku kan waya: Karatu na yankewa da zarar fuskar waya ta mutu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Zariya, ina ɗinki ina sauraren tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar a waya. Da fuskar wayar ta mutu sai karatu ya tsaya, ga data tana zubewa kamar ruwa a kwando. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. In a YouTube kake sauraro, to haka yake: na kyauta ba ya ci gaba da magana in fuska ta mutu. Kuma kana biyan kuɗin hoton da ba ka kallo, tunda idonka na kan allura. Ka nemi karatun a MP3 ka sauke shi gaba ɗaya. Sautin awa guda a 64kbps (ma'aunin ingancin sauti) bai wuce 29MB ba, kuma ya wadatar wa muryar mutum. Ko da za mu ɗauka awa biyu ce kullum har kwana 30, duka 1.7GB ne.

In kuma karatun na cikin wayar amma yana yankewa, tsarin tattalin batir ne. Tecno, Infinix da itel suna da zafin hannu wajen kashe duk manhajar da ba a buɗe take ba. Shiga Settings, ka nemo manhajar da kake sauraro da ita, ka cire mata takunkumin batir. Ni VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, nake ba mutane shawara: kyauta ce, babu talla.

Wani abu kuma: in masu turi a kasuwa suka zuba maka a memori, za ka ga zama na 10 ya biyo bayan na 1, na 2 yana can ƙasa. Sake musu suna 01, 02, 03, sai su jeru.

Tambaya: Yarona yana hadda a makarantar allo. Na sauke masa karatun Alƙur'ani, sai malaminsa ya ce yana ɓata masa karatu. Manhajar ce jabu?

Amsa: Hajiya, manhajar lafiyarta ƙalau, malamin ma yana da gaskiya. Ruwaya ce ta bambanta. Makarantun allo a ƙasar Hausa da ruwayar Warshu suka saba, yawancin manhajoji kuwa da Hafsu suke zuwa. Tun daga Fatiha za ki ji: Hafsu yana jan "Maaliki yaumid din", Warshu ya ce "Maliki" ba ja. Har ƙirgen ayoyi ya sha bamban, na Hafsu 6,236, mushafin Warshu kuma 6,214. Yaron da ke jin wannan da dare, ya biya wancan da safe, dole harshensa ya sarƙe.

Ki fara tambayar malamin ruwayar da yake koyarwa. In Warshu ce, ki nemi karatun Sheikh Mahmud Khalil Husari na Masar. Shi ne ya naɗi cikakken Alƙur'ani da Hafsu a 1961, daga baya ya yi na Warshu, kuma yana karatu a tsanake, harafi bayan harafi. Ki duba ki ga an rubuta Warsh a jikin sunan kafin ki sauke, don na Hafsun ne ke fara fitowa. Sannan ki sa manhajar ta riƙa maimaita aya ɗaya sau biyar ko goma, yaro na bi da allonsa a hannu.

Tambaya: Ina koyon Larabci da sauti amma suna sauri, ba na kamawa.

Amsa: Rage gudun sautin zuwa 0.75 a VLC. Kada ka kai 0.5, muryar takan ja har lafazi ya lalace. Akwai kuma maɓallin A-B: ka danna a farkon jimla, ka sake dannawa a ƙarshenta, ta yi ta zagayowa. Ka riƙa faɗa da ƙarfi tare da mai magana, littafin yana buɗe a gabanka, in ka kama sai ka mayar da gudun yadda yake.