Amsa ga Malamar da aka ɗora wa jawabin ranar yaye ɗalibai

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa Malama. Kin ce an ɗora miki jawabi a madadin malamai ranar bikin yaye ɗalibai, an ba ki minti goma, kuma abubuwan da ke ranki sun yi yawa har kin rasa wanda za ki sa a gaba: godiya ga iyaye, sakamakon jarrabawa, ajujuwan da ke yoyo da damina, da 'yan matan da ake cirewa kafin su kammala. Wallahi da na karanta sai na ji kamar ni ce na rubuta, domin an taɓa ɗora mini irin wannan nauyi, kuma har yau raina bai gama hucewa ba.

Kada ki dogara da minti goman nan. Ki tsara jawabinki ta yadda ko minti uku kaɗai aka bar miki, saƙonki ya riga ya fita.

A makarantar da nake koyarwa a lokacin, malamai suka zaɓe ni in yi magana a kan banɗakin 'yan mata da ya rushe, wanda ya sa manyan ɗalibai suke fashin zuwa makaranta saboda kunya. Na rubuta jawabi bisa tsarin da aka koya mana, gabatarwa, gundarin magana, sannan kammalawa, roƙon gyaran kuma yana shafin ƙarshe. An sa taro da safe, babban baƙo bai iso ba sai gab da azahar, da jiniya da maroƙa. Mai gabatar da taron abokin aikina ne, na nuna masa takardata tun kafin ranar, ya san sarai abin da ke shafin ƙarshe. Duk da haka ya ɓata lokaci yana yi wa baƙo kirari, yana kiran sunayen 'yan rakiya ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira ni, ina tsakiyar bayani sai ga shi ya tsaya a gefena, ya miƙo hannu ya karɓe makirufo, ya ce a tafa wa Malama. Jama'a suka tafa, ni kuwa ina tsaye da takarda a hannu, ban ko ambaci kalmar banɗaki ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne makirufon nan wani ɗan rakiyar baƙo aka miƙa wa, ya daɗe yana yabon maigidansa ba wanda ya ce masa ya taƙaita. Yaran da na yi wa alkawarin zan faɗi kukansu suna zaune a layin gaba suna kallona. Washegari a ofishin malamai mutumin nan bai ba ni haƙuri ba, cewa ya yi ai na yi ƙoƙari. Banɗakin haka ya zauna har aka yi hutun ƙarshen shekara. Allah ya isar wa yaran nan.

Saboda haka, kafin ki rubuta komai, ki zauna ki amsa wa kanki tambaya ɗaya a jimla ɗaya: me nake so mutanen nan su yi idan sun tashi? A cikin abubuwa huɗun da kika lissafa, ni a ganina maganar cire 'yan mata ce ta dace da ranar, domin iyayen da ke yanke wannan hukunci suna zaune a gabanki, kuma ba kullum ake samun su a wuri ɗaya ba. Maganar rufin aji ki rubuta wa kwamitin kula da makaranta, jimla ɗaya ta ishe ta a taron. Da kin gama sallama da gaisuwa, ki faɗi babban saƙon nan take. Kamar rabon tuwo ne a gidan biki, wanda ba a so ya rasa shi ake fara zuba wa tun tukunya tana cike.

Gaisuwar manyan baƙi ita ke cinye lokacin yawancinmu. Ki nemi jerin sunayensu tun da wuri, ki tabbatar da sarautar kowa, domin idan kika kira hakimi da sunan dagaci, kuskuren kawai za a riƙe. Ki ambaci uban taro, basaraken da ya halarta da shugabar makaranta, sauran ki haɗa su a gaisuwa guda. Kada ki ji taƙaitawa raini ce. A Sahihu Muslim, Ammar ɗan Yasir ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce tsawaita sallar mutum da gajarta huɗubarsa alama ce ta fahimtarsa. A Buhari kuma Anas ya ce idan Manzon Allah (SAW) ya yi magana yakan maimaita ta sau uku domin a gane. Ki faɗi roƙonki a farko, ki sake shi a tsakiya, ki rufe da shi, da kalmomi iri ɗaya. Ko a Amurka, jawabin da shugaban ƙasar Abraham Lincoln ya yi a garin Gettysburg a 1863 kimanin minti biyu ne, alhali Edward Everett da ya riga shi magana ya kwashe kusan awa biyu, kuma na Lincoln ne yara ke haddacewa har yau.

A tsakiya, hujja biyu sun isa. Ki buɗe rajistar aji ki ƙirga 'yan mata nawa suka shiga aji ɗaya a cikin wannan rukunin, nawa ake yayewa yau, ki faɗi lambobin biyu ki yi shiru kaɗan. Sai labarin yarinya guda, ba tare da sunanta ba, kuma ba da sigar zargin iyayenta ba, domin da yawansu talauci ne ya fi ƙarfinsu. Ki yi da Hausa, don Allah, iyayen nan ba Turanci suka zo saurare ba.

Takardar da za ki riƙe kada ta wuce shafi ɗaya, kanun magana kawai da manyan haruffa, ki sa alama a gefen waɗanda za ki iya tsallakewa idan aka matsa miki. Jimlar farko da ta ƙarshe su ne za ki rubuta cikakku ki haddace. Ki gwada da murya a bayyane, agogon waya yana tafiya, domin karatun zuci yana yaudara, kuma ki ɗaga murya yadda ko wuta ta ɗauke za a ji ki.

Sannan ki je wurin mai gabatarwa tare da shugabar makaranta, a gabanta ya faɗi lokacin da za a kira ki, ki roƙa a sa ki kafin jawabin babban baƙo, domin da ya gama jama'a suke watsewa. Idan duk da haka ya zo karɓar makirufo, kada ki saki, ki ce cikin ladabi saura jimla ɗaya, ki faɗi wadda kika haddace. Ki turo mana kanun naki a nan kafin ranar mu duba tare. Allah ya ba ki sa'a.